Yadda ake kallon tsuntsaye a kududdufi da lambu da bakin magudanar ruwa da damina

Yawancin masu sha'awar tsuntsaye a Arewa da sanyi suke shiri, su nufi fadamar Haɗeja da Nguru don ganin agwagin da ke zuwa daga Turai. Tafiya ce mai kyau, amma ba da ita nake ba sabon shiga shawarar ya fara ba. Fara da kududdufin bayan unguwarku, kuma ka fara da damina. Daga Yuni zuwa Satumba baƙin Turai ba sa nan, sun koma tun wajen Maris da Afrilu, saboda haka tsuntsayen da za ka gani na gida ne da na cikin Afirka, ba su yi yawan da za su rikita ka ba. Lokacin ne kuma mazansu ke sauya gashi su yi ado, suna kuka, suna saƙa sheƙa a fili. Tsuntsun da ka wuce a watan Fabrairu kana ce masa gwara, a watan Agusta ja ne wur, daga nesa ma ka gane shi.

Misalaina daga Kano da kewayenta ne, domin nan na fi sani. Hanyar dai ɗaya ce ko a Zariya kake, ko Katsina, ko Maraɗi.

Kayan aiki

Madubin hangen nesa mai ido biyu. A jikinsa za ka ga lamba kamar 8x42. Ta farko tana nufin yana kusanto da abu sau 8, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 42. Nemi 8x42 ko 8x32. Kada mai kanti ya ja ka da mai 20x50 da sunan ya fi ƙarfi. Hannu ba ya riƙe shi ba rawa, kuma kafin ka samo tsuntsu a cikinsa ya tashi. Idan na hannu za ka saya, leƙa ta cikinsa ka dubi sandar wutar lantarki. In ka ga ta rabu biyu, ko idonka ya fara ciwo cikin minti ɗaya, ajiye shi. Ka kuma juya shi ka haska gilashin gaba ko akwai fumfuna a ciki, don laimar damina na kawo ta.

In ba ka da madubi, kada wannan ya hana ka fita. Shamuwa, balbela, zalɓe, taka-a-baɗo, duk da ido ake gane su. Kyamarar waya tana taimakawa wajen ajiye shaida ko da hoton bai fita sosai ba.

Ƙaramin littafin rubutu da fensir. Fensir nake nufi, domin tawadar biro tana narkewa da yayyafi. Sai leda ta zuba littafin da waya da madubi idan hadari ya taso.

Takalmi rufaffe, in da hali na roba mai tsawo irin na masu noman shinkafa. Dogon wando, riga mai dogon hannu, launin ƙasa ko toka ko kore. Farar shadda da aka sa wa sitati ana ganinta daga nesa, kuma tana ƙara in ka motsa. Hula, ruwan sha, da man shafawa na korar sauro.

Abin duba suna. Littafin da aka fi amfani da shi a yankinmu shi ne Birds of Western Africa na Nik Borrow da Ron Demey. Da Turanci yake, amma zanen kake bukata. Yana da tsada. Madadinsa manhajar Merlin ce, kyauta. Ka sauke kundin da ya ƙunshi Najeriya tun kana gida, ta yadda za ta yi aiki ba tare da intanet ba. Akwai kuma abin da ya fi su sauƙin samu: dattijon manomi ko masunci da ke wurin. Shi zai ba ka sunan Hausa da halin tsuntsun.

1. Zaɓi wuri ɗaya kusa da gida

Ɗaya na ce, ba biyar ba. Wurin da za ka iya zuwa da ƙafa ko da babur cikin minti 20 ya fi wanda sai ka yi shirin tafiya, domin amfanin wannan aiki yana cikin komawa wuri ɗaya sau da yawa har ka san abin da ya saba zama a can, ka lura in wani baƙo ya sauka.

Ba kowane ruwa ne ke tara tsuntsaye ba. Nemi kududdufin da ke da abu uku: ciyayi a baki, ganyen baɗo ko kainuwa a sama, da ɗan fili na taɓo inda ruwa bai kai idon sawu ba. In akwai bishiya ko busasshen reshe da ya leƙa kan ruwan, ka dace. Kududdufan tsakiyar birni, waɗanda aka haƙa tun da don ɗibar ƙasar gini, da yawa an cike su ko sun zama juji. Na gefen gari, inda ake buga bulo ko aka ɗebi ƙasar titi, sun fi rai. Mai ɗan babur zai iya zuwa magudanan noman rani na Kadawa da Kura, waɗanda ruwansu ke zuwa daga madatsar Tiga da aka gama a 1974. Da damina gonakin shinkafa na wurin cike suke da tsuntsaye. Don na bishiya kuwa, kowane lambu ko harabar makaranta mai tsofaffin maɗaci da cediya da darbejiya ya isa, haka gidan zu na Audu Bako, inda tsuntsayen da ke yawo a kan bishiyoyi suka fi na keji ban sha'awa.

2. Gaisa da mutanen wurin kafin ka ɗaga madubi

Wannan matakin ne sabbin shiga suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi jawo rigima. Mutumin da ya tsaya a bakin gona da sassafe yana leƙe-leƙe yana rubutu, a wannan zamani na rashin tsaro, dole a yi zarginsa, kuma masu zargin suna da gaskiya. Ka yi sallama, ka ce, "Baba, barka da aiki, tsuntsayen nan nake kallo, ba kama su zan yi ba." Miƙa masa madubin ya leƙa. In za ka riƙa zuwa kullum, je ka gaida mai unguwa ka sanar da shi. Na taɓa isa wata magudana ban yi haka ba, matasa suka tsare ni da tambayoyi har rana ta ɗaga. Littafin zanen tsuntsaye da na buɗe musu ne ya raba mu lafiya, kuma tun daga ranar su ke nuna mini inda agwagi suka sauka.

Kada ka taɓa juya madubi wajen gidajen mutane, ko inda mata ke wanki da ɗibar ruwa, ko wajen barikin soja, ofishin 'yan sanda da filin jirgi. 'Yar'uwa mai son wannan abu ta fita da rakiya. Namiji ma ya fi kyau su zama biyu, amma kada a wuce uku, surutu ke yawa.

3. Lokaci

Bayan sallar asuba, ka isa wurin kafin fitowar rana, wadda a Kano da damina take fitowa shida da 'yan mintuna. Daga nan zuwa ƙarfe 9 shi ne kasuwar ke ci. Da rana tsaka komai ya lafa. Bayan la'asar zuwa magariba ma yana da kyau, musamman don ganin balbelu suna komawa makwanci layi-layi.

Safiyar da ta biyo bayan ruwan dare ta fi kowace. In kuma ka ga shinge, wato gara mai fiffike, ya tashi bayan ruwa, bar abin da kake yi ka fita: shirwa, tsattsewa, tsanwaka, hankaka, har shamuwa, duk za su taru a wuri ɗaya suna cafka. Amma da ka ga gabas ta yi baƙi iska ta fara kaɗawa, tattara ka tafi. Bakin ruwa da gindin doguwar bishiya ba wurin tsayuwa ba ne lokacin tsawa.

4. Daidaita madubin da idonka

Sau ɗaya ake yin wannan. Lanƙwasa madubin a tsakiya har da'ira biyun su haɗe su zama ɗaya. Rufe gilashin dama da tafin hannu, ka dubi wani rubutu mai nisa, ka murɗa dabaran tsakiya har ya fito sarai a idon hagu. Sannan rufe na hagu, kada ka sake taɓa dabaran tsakiya, ka murɗa ɗan zoben da ke jikin idon dama har rubutun ya fito. Shi ke nan. Mai tabarau ya danne robar bakin ido ƙasa.

Kuskuren da kowa ke yi da farko shi ne ya ga tsuntsu, ya sunkuya ya dubi madubi, ya ɗora a ido, sannan ya shiga lalube. Kafa idonka a kan tsuntsun, kada ka ɗauke, ka ɗago madubin ya same idon. Gwada da kurciyoyin kan wayar lantarki a ƙofar gida kwana biyu, hannunka zai saba.

5. Isa bakin ruwa ka zauna

Ka zo ta inda rana za ta kasance a bayanka; da safe ka tsaya ta gabashin ruwan. In ka fuskanci rana, duk tsuntsu baƙi zai zama. Tsaya tun daga nesa ka duba gaba ɗaya kafin ka matsa, domin zalɓe da agwagi su ne farkon tashi. Kada ka hau kan tudun magudana ka miƙe tsaye sama na bayanka; bi ta gindin tudun, ko ka jingina da bishiya. Sami wuri ka zauna minti 15 ba motsi, ba nuni da hannu. Abin da ya ɓuya da zuwanka zai fito da kansa.

Gargaɗi a nan, kuma ba na wasa ba. Kada ka shiga ruwan, kada ka wanke fuska ko ƙafa da shi: ƙananan dodon koɗi da ke kwance a kududdufi da magudana su ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, kuma ta fata take shiga. Gefen magudanar siminti yana da santsi da gansakuka, ruwan kuma ya fi yadda ake gani ƙarfi. Doguwar ciyawa akwai kububuwa da kasa. Bi hanyar da ƙafa ta riga ta taka, ka duba kafin ka zauna. Mataccen tsuntsu ko mai layi kamar mara lafiya, kada ka taɓa. Murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan tun 2006 kuma tana dawowa lokaci-lokaci.

6. Duba kafin ka nemi suna

Tsuntsu na gabanka, bar littafi da waya a aljihu. Littafi ba zai tashi ba. Bi wannan tsari a ranka: girmansa, ka auna da wanda ka sani (gwara, kurciya, hankaka, zabo); siffar baki; tsawo da launin ƙafa; tsawon wutsiya; sannan launin jiki; sai abin da yake yi da inda yake. Masu farawa suna fara da launi, shi ya sa suke cewa duk farin tsuntsu balbela ne. Rubuta abin da ka gani, ko ka yi ɗan zane komai muninsa, sannan ka buɗe littafi. Wanda ba ka gane ba, rubuta "ban gane ba". Ya fi ka laƙaba masa sunan da ba nasa ba.

7. Bi ruwan daki-daki

Fara da kan baɗo. Taka-a-baɗo ne sarkin wurin: jiki ja-ja kamar goro, farin wuya, goshi shuɗi, da yatsu dogaye da ke ba shi damar tafiya a kan ganye. Ka ba shi lokaci. A wurinsu mace ce babba, tana iya ajiye maza fiye da ɗaya, namiji ne ke kwanci da reno. In ka ga namiji yana tafiya wasu ƙananan ƙafafu suna reto a ƙarƙashin fukafukinsa, 'ya'yansa ne ya ɗauke don tsira da su. Ranar da na fara ganin wannan na daɗe ban iya sauke madubi ba.

Sai gindin ciyayi da kacalla. Nan kazar ruwa ke fitowa, da wata 'yar baƙa ƙirin mai baki ruwan ɗorawa da jajayen ƙafafu, wadda ke leƙowa ta koma da gudu. Dubi kuma kan ciyawar da ta sunkuya kusa da ruwa, za ka iya samun ɗan ƙaramin mai kamun kifi, baya shuɗi mai ƙyalli, ciki ruwan lemo, baki ja. Ɗan'uwansa mai fari da baƙi ya fi sauƙin gani, domin tsayawa yake cak a iska yana kaɗa fiffike kafin ya faɗa ruwa.

Bakin taɓo na fararen tsuntsaye ne da zalɓe. Balbela bakinta rawaya ne gajere, kuma da damina kanta da ƙirjinta da bayanta sukan yi ruwan ƙasa-ƙasa. Wadda ta fi ta siranta, mai baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu amma yatsu rawaya, tana gudu cikin ruwa tana bin kifi, wata ce daban. Zalɓe iri biyu ne za ka fi gani: mai baƙin kai da ƙeya da farin maƙogwaro, wanda ke farauta har a busasshiyar gona, da mai farin kai da baƙin zane a kan ido, wanda bai cika barin ruwa ba. In tsuntsu babba ya gifta sama, dubi wuyansa. Zalɓe da balbela naɗe wuya suke yi in suna tashi. Shamuwa miƙe nata take.

Shamuwa kowa ya san ta da albishirin ruwa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne inda take zuwa: in ta gama ƙyanƙyasa a nan, takan tsallaka har kudancin Afirka ta ci daminar can, sannan ta dawo mana wajen Afrilu da Mayu. Duba fuskarta da madubi, akwai shuɗi da ɗan ja kusa da ido. Fara da tsutsa ne yawancin abincinta, don haka a gona za ka fi samunta.

Kirinjijiya da kunne za ka fara saninta, fito uku a jere tana wucewa. Da damina biyu-biyu suke yawo, ba garke ba. Zakaran ƙeƙuwa kuwa shi zai fara ganinka, ya cika wuri da ƙara. In ya riƙa kawo maka sura, ƙwai ko 'ya'yansa na nan a ƙasa kusa da ƙafarka. Ja da baya ta inda ka zo, kana duban inda kake takawa.

Yanzu ɗaga kai zuwa doguwar ciyawa da gefen gonar gero da dawa. Mulufi na nan, ja da baƙi, ya kumbura gashi yana shawagi a hankali kan yankinsa. A kan shinkafa akwai ɗan'uwansa mai rawaya da baƙi. Zalaidu kuma, fari da baƙi da jan baki, yana jan wutsiyar da ta fi jikinsa tsawo. Matansu duka masu ruwan ƙasa ne, masu kama da juna ƙwarai. A shekarar farko kada ka wahalar da kanka da rarrabe su, ka lura da namijin da suke bi kawai.

In akwai bishiyar da kabare suka mamaye, ware mata safiya guda. Namiji ne ke saƙa, da zaren ciyawa ko na ganyen dabino da yake tsagowa ɗanye. In ya gama sai ya rataye a ƙasan sheƙar, kai ƙasa, yana kaɗa fiffike yana kira. Mace ta zo ta shiga ta duba. In sheƙar ta bushe ba wadda ta karɓa, sai ya warware ta ya sake sabuwa. Ka kasa kunne kusa da irin wannan bishiya: akwai wani ɗan tsuntsu kore mai ƙyalli, farin ciki, mai siririn kuka da ke hawa sama, wanda ba ya yin sheƙa, a ta kabare macensa ke saka ƙwai.

8. A lambu

Nan haƙuri ya fi yawa, domin ganye ya rufe. Nemi ɓaure ko cediya mai 'ya'ya ka zauna nesa kaɗan. Kulkulu, tsirya, cilakowa da shaya za su zo. Gawo abokin mai kallo ne da damina, tunda lokacin ne yake zubar da ganye, duk abin da ya sauka kansa a fili yake. Giginya kuma dubi ƙarƙashin ganyenta, siraran tsattsewa suna manna sheƙarsu a can da yawu. Kukan da kake ji daga cikin sarƙaƙiya kamar ana tuttular da ruwa daga gora, ragon maza ne. Jira, zai fito da baƙin kai da jajayen fukafukai.

Koyi kuka biyu ko uku a kowace fita, ta hanyar bin sautin har ka ga mai yin sa. Kada ka dogara da waya ta gane maka kukan tsuntsayenmu, takan yi kuskure. Kuma kada ka kunna kukan tsuntsu a lasifika don ya fito. Lokacin kiwo ne, za ka sa ya bar sheƙa ya zo faɗa da abokin gabar da babu shi.

Game da sheƙa: daga nesa, minti kaɗan, ka wuce. Kada ka buɗe ganye, kada ka taɓa ƙwai, kuma kada ka nuna wa yara masu danƙo inda take. Hankaka ma yana lura da inda mutum ya tsaya. Yaran kuwa kada ka kore su. Ba su madubi su leƙa taka-a-baɗo, ka tambaye su sunayen da suka sani. Sun fi ka sanin wurin.

9. Rubuta kafin ka bar wurin

Kwanan wata, sunan wuri, lokacin farawa da gamawa, yanayin sama, inda ruwa ya kai, sannan kowane tsuntsu da adadinsa. Garke babba, ƙirga goma, ka auna sauran da idonka goma-goma. Rubuta na kullum ma, har kurciya da hankaka. Ungulu da muka taso muna gani a kowace mahauta, tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. In ka ga ko guda ɗaya, sa ta a littafi da wurin da ka gan ta.

In ka gane iri 15 zuwa 20 a safiya guda cikin watanka na farko, ka yi ƙoƙari. Idan hannunka ya faɗa, jerinka zai iya amfanar wasu. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda masu sa kai ke aika abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Akwai kuma manhajar eBird, ita ma ta aika jerin tsuntsayen da ka gani ce. Abin da ka tabbatar kaɗai za ka aika.

Da ka dawo gida, goge madubi da ƙyalle mai laushi, ka bar shi a inda iska ke shiga, kada ka kulle shi cikin jaka da laima. Koma wurin nan naka ko sau ɗaya a mako har ruwa ya ɗauke. Wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba za ka ga shamuwa ta yi ƙaura, jan mulufi ya fara dusashewa, ruwa ya ja baya ya bar sabon taɓo, kuma a kan taɓon akwai wasu ƙananan tsuntsaye masu ruwan toka da dogayen ƙafafu da ba ka rubuta ba duk damina. Baƙin Turai ne suka fara sauka. Buɗe sabon shafi, ka sa kwanan watan da ka fara ganinsu.